Kunamar da ke gadin littafi: daga allunan Adjamé zuwa rumbun bayanai

Ranar Lahadi, 31 ga Janairun 2021, mutanen Abijan suka wayi gari lambobin wayarsu sun ƙara tsawo. Lambar da jiya take da alƙaluma takwas ta koma goma: mai layin Orange ya sa 07 a gaba, mai MTN ya sa 05, mai Moov ya sa 01. A Adjamé, daga wajen cocin Saint-Michel har ka miƙe titin Nangui Abrogoua ka kai kasuwar Forum, a jikin alluna abin ya fi fitowa. Tela, mai atamfa, mai gyaran salula, mai abincin garba, duk wanda ya rubuta lambarsa a ƙofar shago sai da ya nemo fenti ya cusa alƙaluma biyu a gaban tsohuwar, wani a karkace don wuri ya ƙure masa.

Wannan shi ne aikin da ido ya gani. Babban aikin a ɓoye aka yi shi. Tun da Orange Money ya fara aiki a Kwaddibuwa a Disambar 2008, lambar waya ta wuce abin kira, ta zama lambar asusu. Da ita ake aika wa iyali jaka goma, da ita ake biyan wuta da ruwa, da ita dillali ke gane mai bashi. Saboda haka kowane banki, kowace makaranta, kowane babban kanti mai aiki da kwamfuta yana da rumbun bayanai, a cikinsa akwai jadawalin sunayen mutane, a jadawalin kuma akwai gurbin lambar waya. Wanda ya gina rumbun, in ya auna gurbin daidai alƙaluma takwas, to dole a faɗaɗa. Faɗaɗawar ba wani aiki ba ne, umarni ne na layi ɗaya. Tambayar da ke biyo baya ita ce mai wuya: wa ya faɗaɗa, yaushe, kuma da ya shiga, me ya taɓa ban da wannan?

Tambayar ta girmi kwamfuta. Fataken goro da ke lodi a Anyama, da dillalan kaya na Treichville, sun san cewa littafin ciniki amana ne a hannun wanda yake riƙe da biro. Musulmi kuwa tun a makarantar allo ya ji cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, kuma ta ware marubuci daban, shaidu daban. Dokar lissafin kuɗi ta ƙungiyar OHADA, wadda Kwaddibuwa da Nijar ke bi, kuma babbar kotunta take nan Abijan, ta zo da nata tsaurin: littafin kamfani ba a barin fili a cikinsa, ba a gogewa, ba a kankarewa. In an yi kuskure, sai a sake shigar da shi a matsayin ragi, sannan a rubuta daidai a ƙasa, ta yadda mai bincike zai ga kuskuren ya ga gyaran. Ga mai aiki da kwamfuta kuma dokar ta ce abin da aka riga aka tabbatar kada ya gyaru ko ya gogu daga baya. Faɗar haka a takarda da sauƙi. Takarda tana nuna tabon gogewa, kwamfuta ba ta nunawa. Ka mayar da buhu ɗari ya zama tamanin, lambar za ta zauna fes kamar haka aka haife ta.

Abin da masana suka ƙirƙiro don toshe wannan ɓaraka, masu sana'ar suna ce masa tiriga, wato kunamar bindiga a Ingilishi. A Abijan za ka ji wasu na cewa déclencheur. Ni kunama zan kira ta, don sunan ya dace da ita ta fuska biyu. Ɗana ta ake yi ta jira taɓi, kuma takan harbi wanda bai san tana wurin ba.

Asalin zancen daga ɗakin binciken kamfanin IBM ne a San Jose ta Amurka. A 1970 Edgar Codd ya kawo shawarar a riƙa ajiye bayanai a jadawali-jadawali masu layuka da gurabe. Abokan aikinsa suka hau gina rumbun gwaji mai suna System R, inda aka haifi harshen ba rumbu umarni da ya zama SQL. A 1976 ɗaya daga cikinsu, Kapali Eswaran, ya rubuta rahoto a kan yadda za a ɗana wa rumbu umarnin da zai tashi da kansa idan wani abu ya auku. Tunanin ya jima a takarda kafin ya shiga kasuwa. Cikin waɗanda suka fara sayar da shi akwai InterBase da kuma Sybase, wanda ya fito a 1987 ya samu karɓuwa a gidajen hada-hadar kuɗi na New York. Daga jikin Sybase Microsoft ya samo nasa SQL Server a 1989. Oracle bai kawo kunama cikin rumbunsa ba sai a fitowa ta 7, a 1992. Ƙa'idar SQL ta duniya kuwa ba ta amince da ita a hukumance ba sai 1999, lokacin kowane kamfani ya riga ya saba da tasa hanyar rubutawa. Shi ya sa har yau kunamar Oracle ba ta aiki a SQL Server sai an sake rubuta ta.

Yadda take aiki bai fi ƙarfin fahimtar ɗan kasuwa ba. Abu uku ne: aukuwa, sharaɗi, sai aiki. Mu ɗauki mai sayar da shinkafa a sari. Yana da jadawalin kaya da jadawalin ciniki. Sai a ɗana kunama a kan jadawalin ciniki, a ce mata: duk sanda aka shigar da sabon layi, ki rage yawan buhunan daga jadawalin kaya. A ɗana wata a kan farashi: duk sanda aka canza shi, ki kwafe tsohon da sabon, ki haɗa da sunan wanda ya canza da lokacin, ki zuba a wani kundi na daban. Kunama tana ganin layin kafin a taɓa shi da bayan an taɓa shi, kuma nan ƙarfinta yake. Ana ma iya ce mata in ragin ya wuce kaza, ki ƙi, sai cinikin gaba ɗaya ya warware kamar ba a fara ba.

Mai tambaya zai ce, me ya hana a rubuta wannan doka a cikin manhajar da mai karɓar kuɗi ke amfani da ita? Amsar ita ce ƙofofi. Rumbu ɗaya ne, amma ƙofofinsa da yawa: ga manhajar kanti, ga ta waya, ga ta akawu, ga kuma yaron kwamfuta da ke shiga kai tsaye da dare ya gyara abu da hannu. In ka sa mai gadi a ƙofa ɗaya, sauran a buɗe suke. Kunama kuwa a cikin rumbun take zaune, ta kowace ƙofa ka shigo za ka tarar da ita.

Wanda yake ganin wannan zancen manyan bankuna ne, ya leƙa kasuwar waya ta Adjamé da ake kira Black. Kowace wayar Android da iPhone da ke kan teburan nan tana ɗauke da wani ɗan ƙaramin rumbu mai suna SQLite, wanda Richard Hipp ya fara fitarwa a 2000, kuma yana da kunamu. A ma'ajiyar saƙonnin tes ta Android, an ɗana wata wadda da zarar saƙo ya shigo take sabunta lokacin hirar, da adadin saƙonninta, da ɗan guntun rubutun da ke fitowa ƙarƙashin sunan mai aikowa. Masu gyaran waya sun sha riƙe kunama a tafin hannu ba su sani ba.

Sai dai duk waɗannan kunamun farko gadin abin da ke cikin layuka suke yi. Fasalin jadawalin kansa, wato gurabe nawa ne, me kowanne ke ɗauka, faɗinsa nawa, wannan babu mai gadinsa. Kamar mai gida ne ya sa ido sosai a kan abin da akawu ke rubutawa, amma ya ƙyale wanda ke da rula da reza, mai iya ƙara gurbi, ya yanke wani, ko ya yage shafi sukutum. A rumbuna da dama ma akwai umarnin da ke share jadawali kaf a lokaci guda ba tare da ya tayar da kunamar gogewa ba, don ba layi-layi yake bi ba. Rumbun PostgreSQL sai a 2009 ya samar da kunamar da ke jin wannan.

Mu ƙaddara wani Alhaji mai kantin sari a Adjamé, mako guda bayan canjin lamba. Saƙon tunin bashi da manhajarsa ke aika wa masu ɗaukar kaya ya daina isa. Aka duba, sai ga lambobin da aka shigar cikin makon duk guntaye, alƙaluma biyun ƙarshe sun faɗi. Haka kan faru a tsofaffin rumbunan MySQL da ba a tsaurara saitinsu ba: in rubutu ya fi gurbi tsawo, rumbun ba ya ƙi, sai ya datse ya ajiye, ya bar gargaɗin da ba mai karantawa. Alhaji ya kira yaron da ke kula masa da na'ura.

"Kai, ba ka ce mini an gyara ba?"

"Wallahi Baba an gyara. Ni da kaina na faɗaɗa."

"To wa ya mayar?"

Nan yaro zai yi shiru. Wataƙila a na'urar gwaji ya faɗaɗa ya manta da ta gaske. Wataƙila kamfanin da ya sayar musu da manhajar ya turo sabuntawa ta mayar da gurbin yadda yake. Wataƙila wani ya dawo da tsohon kwafi. Rumbun ba zai faɗa ba, don abin da ya sani shi ne yadda yake yanzu. Jiya ba ta cikin lissafinsa.

Oracle ne ya fara rufe wannan giɓi cikin manyan rumbuna. A fitowarsa ta 8i, a 1999, ya ba da damar ɗana kunama a kan ƙirƙira da canzawa da rushe jadawali, har da shigar mutum cikin rumbu da tashin na'ura. Amma abin da ya sa duniya ta damu da zancen, badaƙala ce. Kamfanin Enron ya durƙushe a Disambar 2001, masu binciken kuɗinsa na Arthur Andersen suka shiga uku a kan lalata takardu, WorldCom ya biyo baya, sai Amurka ta kafa dokar Sarbanes-Oxley a Yulin 2002. Dokar ta ɗora wa shugabannin kamfanoni alhakin tabbatar da cewa hanyoyin da ke fitar da lissafinsu a tsare suke. Odita ya daina tsayawa a kan alƙaluma kaɗai, ya fara tambayar wa ke da ikon canza rumbun da alƙaluman ke fitowa daga ciki, kuma ina shaidar kowane canji. Masu kula da rumbu, waɗanda da ba mai tambayarsu, suka wayi gari ana neman sawunsu.

Da SQL Server 2005 ya fito da kunamar fasali, kasuwa a shirye take. Ya zo da wani aiki mai suna EVENTDATA, wanda ke miƙa wa kunamar cikakken bayanin abin da ya tayar da ita: irin aukuwar, lokaci, sunan da aka shiga da shi, abin da aka taɓa, da ainihin umarnin kalma bayan kalma. Da layuka kaɗan mai kula da rumbu zai buɗe jadawali ɗaya ya ce duk canjin fasali a zuba nan. Da Alhajinmu yana da wannan, da tambayarsa ta samu amsa cikin minti ɗaya. PostgreSQL, wanda kyauta ne kuma ƙananan kamfanoni da yawa suka dogara da shi, ya kawo tasa a fitowa ta 9.3 a Satumbar 2013, ya ƙara mata ido a 9.5. MySQL kuwa ya samu kunamar layuka a 2005, amma ta fasali har yau babu, sai dai a bi sawu ta kundin da na'urar ke rubutawa.

Da aka samu wannan dama, sai aka wuce shaida aka shiga ba kunama aikin gudanarwa. Wani ya ɗana ta ta hana rushe kowane jadawali a na'urar aiki, ko da kuwa shi ne ya ba da umarnin cikin gyangyaɗi. Wani ya sa ta duk sabon jadawalin da aka ƙirƙira ta ba ma'aikatan rahoto izinin karanta shi, ta kuma ɗana masa tasa kunamar sawu. Wani ya sa ta ƙi duk sunan da bai bi tsarin gidan ba, ko ta hana canjin fasali da rana lokacin da ciniki ke gudana. Hatta Amazon, a hidimarsa ta kwashe bayanai daga rumbun PostgreSQL zuwa wani, kunamar fasali yake ɗanawa don ya ji in an canza jadawali ana tsakiyar kwasa.

A nan ne nake rabuwa da masu zumuɗi. Kunama a matsayin shaida, ina tare da ita ɗari bisa ɗari. Kunama a matsayin wakilin mai gida da ke yanke hukunci a bayan labule, sai a yi hattara. Aibinta na farko ɓuya ne. Sabon ma'aikaci zai karanta manhaja daga farko har ƙarshe bai ga inda aka ce a rage kaya ba, ga shi kuma kaya na raguwa. Wanda ya ɗana ta ya bar aiki shekara uku da suka wuce. Kunama ta tayar da wata, waccan ta tayar da ta uku, umarni ɗaya ya zama goma, na'ura ta yi nauyi ba a san dalili ba. Duk wanda ya yi aiki da Oracle ya san kuskuren nan mai lamba ORA-04091, da ke fitowa in kunama ta nemi karanta jadawalin da ake tsakiyar canzawa.

Mafi ban dariya, in ba kai ya sama ba, ita ce kunamar ƙofa. Ana ɗana ta ta tantance duk mai shiga. In aka yi kuskure a rubutunta, sai ta hana kowa shiga, har da wanda ya ɗana ta. Mai gida a waje, makulli a ciki. SQL Server yana da wata ƙofar baya ta musamman ga mai kula da rumbu, wadda kunamar ƙofa ba ta tashi a kanta, kuma ta nan ake shiga a kwance ta. PostgreSQL ya yi ta jan ƙafa bai kawo irin wannan kunama ba sai a fitowa ta 17, a Satumbar 2024, kuma tare da ita ya kawo makunnin kashe kunamun aukuwa baki ɗaya, don an san ranar za ta zo.

Ko a aikin shaidar ma tana da iyaka, kuma gara mai kanti ya san ta. Kunama tana rubuta sawunta ne a cikin cinikin da ya tayar da ita, don haka in aka warware cinikin, sawun ma ya warware. Wanda ya gwada ɓarna aka hana shi, sai ya zama ba a san ya gwada ba, sai fa in an yi dabarar rubutawa a waje. Sannan mai babban makulli yana iya kashe ta, ya yi abin da zai yi, ya sake kunna ta. A PostgreSQL an ma faɗa a fili cewa kunamar fasali ba ta tashi in ita kanta ake taɓawa. Ba a ba kura ajiyar nama, kuma ba a ajiye kundin sawu inda wanda ake bin sawunsa ke da reza. Shi ya sa daga baya aka koma fitar da shaidar waje: SQL Server 2008 ya zo da tsarin bincike mai rubutawa a fayil na daban, na 2022 kuma ya zo da jadawalin da aka sarƙe layukansa da hatimin lissafi, in an taɓa ɗaya sarƙar ta nuna. Marubuci daban, shaida daban, kamar dai yadda aka koya mana.

Akwai kuma abin da kunama ba za ta taɓa sani ba, wato dalili. Za ta ce wane ya faɗaɗa gurbi ƙarfe biyun dare, amma ba za ta ce don hukumar sadarwa ta ARTCI ta canza tsarin lambobi ba ne. Wannan ya sa masu rubuta manhaja suka ɓullo da wata hanya: kowane canjin fasali a rubuta shi a fayil mai lamba, a yi masa bayani, wani ya duba, sannan a bi da shi na'ura bayan na'ura a jere. Cikin kayan aikin wannan hanya, Liquibase ya fito a 2006, Flyway a 2010, dukkansu suna ajiye ɗan jadawali a cikin rumbun mai nuna canjin da aka riga aka yi. Wasu sun ɗauka wannan ya kashe kasuwar kunamar fasali. A ganina aikinta ya ƙara fitowa ne. Fayilolin suna faɗin abin da aka yi niyya, kunama tana faɗin abin da ya faru, kuma inda biyun suka saɓa, nan ne wani ya shiga ta taga.

Labari ɗaya ya rage, kuma ya dawo da mu kan faɗaɗa gurbi. Jadawalin Alhaji mai sunaye dubu biyu, ƙiftawar ido ya ishe shi. Jadawali mai layi miliyan ɗari kuwa, a tsohon MySQL canza fasalinsa na iya kulle shi sa'o'i, kuma kamfanin da mutane ke aika kuɗi ta cikinsa dare da rana ba shi da sa'o'in. A 2010 Facebook ya bayyana dabarar da yake bi, kamfanin Percona ma ya fitar da irinta: a gina sabon jadawali mai sabon fasali a gefe, a ɗana kunamu a kan tsohon su riƙa kama duk abin da ya shigo ana cikin aiki, a kwashe tsofaffin layuka kaɗan-kaɗan, in an gama a musanya sunaye. Kamar sauya wa mota taya ne tana tafe. Dabarar ta yi aiki shekaru, amma nauyin kunamun a kan jadawali mai cunkoso ya ishi wasu. A 2016 kamfanin GitHub ya fitar da gh-ost, wanda ya jefar da kunamun ya koma karanta kundin canje-canje da rumbun ke rubutawa da ma. Shekara arba'in cif bayan rahoton Eswaran, abin alfaharin sabon kayan aiki shi ne ba kunama a cikinsa.

Canjin 2021 ba shi ne karo na farko da Kwaddibuwa ta tsawaita lamba ba. A 2000 ta tashi daga shida zuwa takwas. Jamhuriyar Benin ma ta koma goma a ƙarshen Nuwambar 2024, nata masu kula da rumbuna suka sha irin wannan aikin. A rumbun da ba a ɗana komai ba, gurbin yau goma yake ɗauka, kuma duk iya dubanka ba za ka ga alamar ya taɓa zama takwas ba. A Saint-Michel kuwa, in ka bi layin shaguna a hankali, za ka iya cin karo da tsohon allon da ba a sake ba: alƙaluma takwas sun koɗe da rana da damina, biyun gaba fentinsu daban, hannun da ya rubuta su ma daban.